Kurege da Kabejin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kura ce hawan jini ya kama. Likita ya ce ta bar nama, ta koma ganye. To, duk Juma'a sai mai babur ya kawo mata kwali daga lambu: karas, latas, koren wake. Maƙwabcinta Kurege kuwa yana kan katanga yana haɗiyar yawu.

Ran nan da sanyi ya shigo, Kura ta buɗe kwali, sai ga wani abu a dunƙule, duk jikinsa gudaji-gudaji, launinsa shunayya. Kurege ya san shi sarai. Ɗan'uwan farin kabeji ne, sai da sanyi ake samunsa, ya taɓa satar irinsa a lambu.

Ya ce, "Wayyo Gwaggo, yar da shi! Ƙwaƙwalwar aljani ce!"

Kura ta yar, ta ja da baya. Ta ce, "Na shiga uku! Yaya zan yi?"

Ya ce, "Kawo in binne miki. In mutuwa ce, in mutu dominki."

Ya sungumi abu sai gida. Ya yanka, ya tafasa, ruwan ya yi shuɗi kamar na marina. Ya tsame, ya soya da man shanu da albasa, ya barbaɗa yaji. Ya ci ya lashe, ya ci ya lashe.

Ƙamshi ya tsallaka katanga. Kura ta biyo ƙamshi, ta tarar da Kurege, baki duk ya rine.

Ta ce, "Kai ɗan nan, cikinka ne kabarin?"

Kafin ya buɗe baki ta cafke wutsiyarsa. Ta ce, "Likita nama ya hana ni, bai hana ni ganye ba. Kai kuwa yanzu daga wuya har cibiya kabeji ne."

Kurege ya dake. Ya ce, "Gaskiyarki, Gwaggo. Sai dai kabeji ba ya daɗi gaya. Ga romo can a tukunya, matsa lemun tsami ki tsoma ni."

Kura ta ce, "Kai, yaron nan akwai ladabi."

Ta taka wutsiyar da ƙafa, ta matsa lemo. Nan take shuɗin ruwa ya juye ja!

Kurege ya ƙwala ihu. "Jini! Gwaggo, kin yanka aljani! Ni dafawa kawai na yi, ke kika yanka!"

Kura ta ce, "Ba ni ba ce, lemo ne!"

Ya ce, "Hannun wa ya matsa?"

Ai sai Kura ta ɗage ƙafa. Daidai nan kabeji ya fara aiki a cikin Kurege, ya saki wata tusa, buuum!

Ya ce, "Ga dangin mamacin nan, har da ganga!"

Kura ta bi ta cikin danga, ta fita da rabinta a wuya. Kurege na binta yana saki, yana cewa, "Sun kusa, Gwaggo, ƙara mai!" Bai tsaya ba sai da ta haye rafi, sannan ya dawo ya suɗe kasko.

Kurunkus, kan ɓera ya sha yaji. Ku dai in kun ci kabeji, ku zauna can kusa da ƙofa.