Duwatsun Kwarin Gawo

Ranar Talata ce, cikin marka. Hadari ya haɗo tun hantsi, ruwa ya ƙi sauka. An ce a wannan rana wani sarki ya fita da fadawansa don ya ga hasumiyar da ya sa aka gina masa a Kwarin Gawo.

Shekara tara kafin nan an yi yunwa. Sarki ya aika wa mutanen kwarin su kawo hatsi don dakarunsa. Suka ba da abin da ke rumbu, suka hana irin da suka ajiye don shuka. Sarki ya ce tawaye ne. Aka kewaye garin, aka sa wuta. Mutum ɗari uku da goma sha ɗaya suka mutu, ba a sallaci ko ɗaya ba.

Al'adar ƙasar kuwa, inda aka kashe mutum ba a yi masa sutura ba, duk mai wucewa yakan ajiye dutse guda, ya yi addu'a, ya wuce. Kwarin rairayi ne, babu dutse ko na jifan tsuntsu, sai mutum ya ɗauko daga garinsu a aljihu. A haka tarin ya fi tsayin mutum a kan raƙumi.

Da labari ya kai fada, sarki ya ce a kwashe tarin, a gina hasumiya a wurin, a rubuta a jikinta cewa nan ya karya maƙiya. Ya sa aka yi shela: duk wanda ya ƙara ajiye dutse, a sare masa hannu.

Sarki na tsaye yana duban ginin, sai dogarai suka jawo wani tsoho. Sunansa Jatau, saƙar tabarma ce sana'arsa. Hannunsa na dama dungu ne, naɗe da tsumma.

Babban dogari ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan watan muka sare masa na dama. Yau mun kama shi da na hagu."

Sarki ya ce, "Kai tsoho, ba ka ji shela ba?"

"Na ji, ya sarki. Hannu aka sare mini, ba kunne ba."

"Wa ya aiko ka?"

"Waɗanda ba su iya zuwa."

"Me suke ba ka?"

"Ba su da komai. Ka riga ka karɓe."

Waziri ya daka masa tsawa. Sarki ya ɗaga hannu, ya ce a bar shi. Ya nuna hasumiyar ya ce, "Dubi wannan. Tsayinta kamu arba'in. Dutsenka bai kai ƙwan zabo ba. Bayan shekara ɗari, wanne za a gani?"

Jatau ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Hasumiyar za a gani. Allah ya saka maka, ya sarki. Mun yi shekara tara muna tarawa, da ƙyar ya wuce mutum a kan raƙumi. Kai a wata shida ka ɗaga mana shi har ana hangowa daga kogi."

"Na ɗaga muku me?"

"Tambayi mai ginin inda ya sami dutse a cikin rairayi."

Aka kira Sarkin Magina. Ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dutse mafi kusa tafiyar kwana uku ne, kai kuwa ka ce a gama kafin damina. Ga tari a gabanmu, an ce a kwashe. Magini ba ya zubar da dutse. Da shi muka yi harsashi, da shi muka tayar da bango."

Jatau ya matsa jikin ginin, ya ɗora yatsa a kan wani jan dutse daidai ƙirjinsa. Ya ce, "Wannan nawa ne. Daga Dutsen Kura na ɗauko shi don 'yata Kande. Tana da goyo ranar. Wancan farin na Nomau mahauci ne, don ƙannensa biyu. Duk manomin da ya wuce nan ya san nasa. Rubutunka kuwa, ya sarki, a cikinmu ba mai iya karantawa."

Waziri ya ce, "A rushe ta yau, ranka ya daɗe!"

Jatau ya ce, "A rushe. Ta koma tari kamar da."

"To, a kwashe a zuba a kogi."

"Da rani kogi zai ƙafe. Jikokinmu su tsince."

Sarki ya dubi rubutun sunansa can sama, ya dubi jan dutsen. Ruwa ya fara sauka. Mai laima ya matso, sarki ya kore shi. Can ya ce, "Hannu nawa aka sare a kan shelar nan?"

Dogari ya ce, "Goma sha bakwai."

Sarki ya ce wa tsohon, "Faɗi abin da kake so."

"Kande ba ta dawowa. Hannuna ma haka, tabarma kuwa ba ta saƙuwa da hannu ɗaya. Ka bar mini na hagun in ajiye dutsena. Adalci ba ya tayar da matacce, ya sarki. Iyakarsa ya hana a kashe shi sau biyu."

Aka sake shi. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen da dogarai suka kaɓe masa, ya goge shi a riga, ya ajiye gindin hasumiyar, ya tafi cikin ruwa bai waiwaya ba.

Da gari ya waye sarki ya sa aka kankare rubutun, aka janye shelar. Sa'an nan ya tsinci dutse a ƙofar gidansa, ya sa a aljihu, ya kama hanyar kwarin a ƙasa, ba takalmi.