Takardu Arba'in da Shaho Ya Jefar

Ya 'yan uwa, ku ba ni kunnuwanku. An yi wani mutum, lauya ne, amma ba irin wanda kuke gani yana ɗaga murya gaban alƙali ba. Shi aikinsa a ɗakin baya yake, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka, inda ake jibge takardun shari'a kwali-kwali. Shekara ashirin da biyu yana zaune a nan yana karatu. In an kawo yarjejeniya mai shafi ɗari biyu, shi ne zai zaƙulo layi ɗaya da aka ɓoye a shafi na ɗari da saba'in don a cuci bawan Allah. Shi ya sa 'yan ofis suka laƙaba masa suna Shaho. Bai gina bene ba, motarsa ma sai an tura take tashi, amma yana da wannan suna, kuma ya fi ƙaunarsa a kan duk abin da ya mallaka.

Teburin da ke fuskantar nasa na abokin aikinsa ne, wani da ake kira Dogo. Shaho ya girme shi da shekara uku, don haka Yaya yake ce masa, 'ya'yansa kuma suna ce wa Shaho Baba. Dogo mutum ne mai sanyin hali, sai dai ba shi da kaifin ido. Shaho yakan tsokane shi cewa ko da gawayi aka rubuta kuskure a jikin farin bango, sai ya wuce bai gani ba. Dogo ya yi dariya, ya tura masa kofin shayi.

Ana nan sai shugaban ofis ya sayo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ake saka wa a kwamfuta ta karanta takardu. Abin da Shaho yake yi a wata guda, ita kafin shayi ya huce ta gama. Aka tara ma'aikata don a koya musu yadda ake aiki da ita. Shaho ya zauna can baya ya harɗe hannu, yana kallon rufi. Dogo kuwa ya zauna gaba da ɗan littafinsa, yana ta tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Kafin wata uku ya ƙware. Shugaba ya fara leƙowa ɗakin baya yana cewa, ina Dogo? Alhali shekara ashirin da biyu, ina Shaho ake cewa.

To, a nan ne ciwon ya shiga. Ku lura, Shaho bai ji haushin na'ura ba. Wa zai yi kishi da ƙarfe? Dogo ne ya tsaya masa a maƙogwaro. In aka yabi Dogo a taro, sai ya ji abinci ya fita ransa. Da aka sayo wa Dogo sabuwar kujera mai juyawa, Shaho ya kwana uku yana ba mai ɗakinsa labarin kujerar nan, har ta gaji ta ce masa, in kujera ce damuwar, ita za ta sayar da zobenta ta sayo masa. Ya daka mata tsawa. Ba kujera yake so ba. So yake a ɗauke ta Dogo.

Sai ga wata babbar shari'a ta shigo ofis, ta wasu ma'aikata da ofishin ya tsaya wa. Ma'aikata sittin na wata masana'antar fenti sun kamu da ciwon ƙirji, suka ce hayaƙin wurin aiki ne ya cinye musu huhu. Masana'anta ta ce ita ba ta taɓa sanin akwai matsala ba. Kotu ta umarce ta ta miƙa takardunta, ita kuwa da gangan ta juye musu har dubu tamanin, don a nutse a ciki. Alƙali ya ba da mako shida a fito da hujjar cewa shugabannin masana'antar sun sani suka yi shiru.

Ita wannan manhaja ba ta fara aiki sai an koya mata. Ana ɗibar takardu ɗari uku a ba wanda ya fi kowa ido, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa alama: wannan tana da amfani, wannan ba ta da shi. Daga alamominsa take gane abin da ake nema, sannan ta tace sauran dubban. Dogo ya ce wa shugaba, ai wannan aiki ba na kowa ba ne sai Yaya. Girmamawa ce ya yi masa. Amma mai hassada ko zuma ka ba shi, maɗaci yake ji. Shaho ya ce a ransa, wato a tatse ni, Dogo ya sha nonon.

Ranar wata Talata, bayan azahar, lemar alwala ba ta ma bushe a gemunsa ba, ya zauna gaban kwamfuta. A cikin ɗari ukun nan ya ci karo da takardu arba'in da ke maganar injin zuƙe hayaƙi: wasiƙun makanike yana kukan injin ya mutu, da amsar manaja yana cewa a bari sai baɗi. Idon Shaho ya gane su nan take. Ya san su ne ƙashin bayan shari'ar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa musu alamar marasa amfani. Ya tuna da mutum sittin masu tari? Bai tuna ba. Fuskar Dogo kawai yake hangowa ranar da za a ce na'urarsa ta gaza.

Na'ura ba ta musu da malaminta. Ta ɗauki darasin yadda aka ba ta, ta kwashe duk takardar da ta ambaci injin hayaƙi, sama da dubu biyu, ta tura su gefe. Mako shida ya cika, aka je kotu hannu rabbana, alƙali ya kori ƙarar. Dogo ya dawo ofis ya zauna, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Shaho ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, ai dama ƙarfe ƙarfe ne. Ranar nan ya ci abinci har da neman ƙari.

Amma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wani dattijo cikin ma'aikatan, wanda ya taɓa zama ɗan aike a masana'antar, ya zo ofis yana tari, ya rantse cewa da hannunsa ya kai wa manaja wasiƙar makanike. Dogo ya koma cikin takardun da aka ture, ya same ta, ya sami 'yan uwanta. Aka bi sawu har zuwa ɗari ukun farko. Shaho mutumin takarda ne. Ya saba da fayil da ke bin hannu goma, in an sami ɓarna ba a san hannun wa ba. Da ya saurara ranar koyarwa, da ya ji cewa kowace alama tana ɗauke da sunan wanda ya sa ta, da rana, da minti.

Aka kira shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Suna da shaidar cewa shi ya sa alamomin, amma ba su da shaidar abin da ke zuciyarsa. In kuskure ne, gargaɗi za a yi masa ya tafi hutu da mutuncinsa. Mai ɗakinsa ta bi shi har bakin ƙofa tana roƙonsa ya kame bakinsa.

Dogo ne ya fara tashi, kuma da zuciya ɗaya ya yi magana, don bai taɓa kawo wa ransa cewa ganganci ne ba.

"Ranku ya daɗe, ku yi wa Yaya adalci. Shekaru sun ja, idonsa ya gaji. Na daɗe da lura yana kai takarda kusa da hanci. Laifina ne, da ya kamata in duba aikinsa kafin ya wuce."

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tsira a buɗe. Shiru kawai ake nema daga gare shi. Amma abin da ya shiga kunnen Shaho shi ne, Dogo zai duba aikinsa. Dogo! Ya miƙe tsaye.

"Kai ne za ka duba aikina? Duk arba'in ɗin na gan su. Na san abin da ke cikin kowace ɗaya."

Ya shiga jero su da ka: wasiƙar makanike ta ranar kaza, amsar manaja ta ranar kaza, layi na nawa, sa hannun wa. Bai tsallake ko ɗaya ba. Magatakarda yana ta rubutawa. Sai da ya kai ta arba'in ya ɗago kai, ya ga Dogo ya rufe fuska da hannu biyu, sannan ya gane abin da ya faɗa.

Kada wani ya ce tuba ce ta sa shi magana. Da tuba ce, da Shaho ya faɗi gaskiya tun ranar da dattijon nan ya shigo yana tari. Hassadar da ta sa shi ɓarna, ita ce ta ja shi ta tona masa asiri da bakinsa. Aka karɓe lasisinsa. Aka sake buɗe shari'ar, amma kafin a yanke hukunci mutum bakwai cikin sittin ɗin sun riga mu gidan gaskiya, har da dattijon. Shaho yana zaune a gida. In ya fito, maƙwabta sukan tuna suna da uzuri. 'Ya'yan Dogo sun daina zuwa gaida shi.

To, mene ne Dogo ya rage masa? Arzikinsa ya ci? Ranar da ake neman mai ido a ofis ɗin nan, sunan wa ya kira? Hassada ga mai rabo taki ce, mai ita kuwa ita ke cinye shi. Zamani zai yi ta kawo sababbin kayan aiki, wani ya iya, wani ya kasa. In ka ga ɗan uwanka ya iya abin da ka kasa, ka ce Allah ya ƙara masa, ka ja kujera kusa da shi ya koya maka. Kuma ku tuna, in na'urar da ɗan Adam ya ƙera tana riƙe suna da rana da minti, ina ga littafin da ba a mantuwa a cikinsa?

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin abin hannun 'yan uwanmu. Allah ya sa kada baƙin cikinmu ya zama sanadin hawayen wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.