Inda Wuƙa Ta Taɓa Nama

Masu ba da labari sun ce a garin Dutsen Marke akwai wata doka da mutane suka saba da ita har suka manta doka ce. Duk naman da za a sayar a kanti cikin leda, sai an manna masa takarda mai faɗin ƙasar da aka haifi dabbar. Na teburin mahauta kuwa ba ya buƙatar takarda, don kan saniyar da fatarta suna rataye a gefe, mai saye ya ga shaidar garken da idonsa.

Ana nan sai masu manyan kantuna suka fara shigo da daskararren nama daga ƙetaren teku. Araha kam yana da ita, amma mata suna karanta takardar sai su mayar da shi cikin firji. Abin ya dami masu kantuna, suka rubuta wa hukuma a gyara dokar, a ce inda wuƙa ta daddatsa nama, nan ce ƙasarsa. Hukuma ta ce ita ba ta san kan nama ba, in Sarkin Pawa Tanimu ya dangwala yatsa a takardar gyaran, magana ta ƙare. Da jin haka Ardo Kiri, wanda ya shekara talatin yana kawo wa Tanimu bijimai, ya taka har gida ya roƙe shi kada ya yarda.

To, a kan tsamiyar bayan kwata akwai wata tsohuwar ungulu mai magana, wadda ta sauka garin shekara bakwai da suka wuce. Tanimu yakan jefa mata hanji, ita kuma takan jefa masa gaskiya, wadda ba kullum yake son ta ba. Ranar Laraba da la'asar ya zo ya zauna a gindin tsamiyar, hannunsa na dama cikin aljihu, ya kwashe zancen takardar ya gaya mata.

Ya ce, "Gwaggo, me kika gani? Sun ce yaranmu ne za su riƙa yanka naman, za a samu aikin yi."

Ungulu ta ce, "Sarkin Pawa, ka san ba na jewar banza. Ina ji maka tsoron abin da ya sami Barmo, Sarkin Kasuwar Rafin Kalgo."

Tanimu ya ce, "Wane ne Barmo, me kuma ya same shi?"

Ungulu ta gyara fiffike ta ce:

A Rafin Kalgo aka ƙyanƙyashe ni, kuma irin dokarku gare su. Wani attajiri mai gidan ƙanƙara ya kai wa Barmo takarda irin wannan, da baki mai daɗi. Barmo ba mugu ba ne, sai dai yana son a ce da shi wayayye. Ya ɗauko tawada ke nan sai ga Iya Tabawa mai tuwon kasuwa, wadda ta fi shekara arba'in tana sayen nama, ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, kafin ka ɓata yatsanka, ka taɓa jin abin da Cindo wanzami ya jawo wa garinsu?"

Barmo ya ce, "Ban ji ba, Iya. Faɗi, amma ki taƙaita."

Iya Tabawa ta ce, "A zamanin hare-hare akwai wani gari mai ganuwa. Duk jaririn da aka haifa cikinsa, ranar suna Cindo zai yi masa tsaga uku a kumatu. Mai tsaron ƙofa ba ya tambayar kowa suna, fuska yake duba. Wata rana wani falke ya gaji da tsayawa a ƙofa, ya kai wa Cindo kaza ya ce a tsaga masa. Cindo ya dubi kaza, ya ga ta yi ƙiba, ya ce, 'Ai duk wanda askata ta taɓa ɗan gari ne.' Kafin shekara ta zagayo, gidan Cindo ya cika da kaji, gari ya cika da 'yan gari waɗanda ba wanda ya san kakanninsu. Cikinsu aka samu waɗanda suka kora shanun gari kaf da rana tsaka, mai ƙofa na yi musu a dawo lafiya. Sarki ya fusata, ya ce daga yau tsaga ba shaida ba ce.

"To, akwai wata mata, Kuluwa, wadda mahara suka sace ɗanta yana ɗan shekara biyar. Shekara ashirin tana zuba tuwonsa a akushi tana rufewa. Allah ya kuɓutar da shi, ya yi tafiyar wata biyu a ƙasa, ya iso ƙofa ya nuna kumatunsa. Mai ƙofa ya ce, 'Wannan ai kaza ɗaya ake sayenta. Kama gabanka.' Ya yi kwana uku a gindin ganuwa yana nuna fuska ga duk mai wucewa, don ya manta sunan unguwarsu. Ranar ta huɗu Kuluwa ta ji labari ta fito da gudu, ta tarar ana haƙa masa kabari. Ka ji, ɗan nan, shaidar da aka ba kowa ta daina yi wa kowa shaida, kuma ɗan halak ne yake fara kwana a waje."

Ungulu ta ci gaba. Barmo ya yi dariya ya ce, "Iya, maganar nama ake yi, ba ta ɗan mutum ba." Ya dangwala. Kowa ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.

Daga ranar duk ledar da ka ɗauka a kanti, "naman gida" za ka gani a jikinta, alhali saniyar ba ta taɓa ganin ciyawar ƙasar ba. Farashin shanu ya faɗi. Makiyaya suka riƙa kawo bijimai kasuwa suna komawa da su. Wannan ma da sauƙi. A shekara ta biyu aka shigo da wani nama da ya narke a hanya aka sake daskarar da shi. Ya yi daidai da ranar sunan jikan Barmo, aka sayo leda-leda aka yi miya. Mutum goma sha ɗaya suka mutu, cikinsu har da mai jegon, Indo, 'yarsa ta fari.

Duba-gari suka zo suka tattara ledojin, suka karanta, suka ce tunda naman gida ne, cutar tana cikin shanun gida. Suka nufi rugage. Na farko da suka iske wani dattijo ne, Gide, mai shanu arba'in, lafiyayyu sumul. Ya rantse, ya yi kuka, ya ce a dubi idanunsu, a dubi hancinsu. Suka nuna masa leda. Aka haƙa rami, aka harbe su ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana kiran kowace da sunanta. Sarkin Pawa, ni ungulu ce, mushe abincina ne, amma ranar ban iya sauka ba. Gide ya saɓa sandarsa ya yi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mai gidan ƙanƙara kuwa, da ya ga mutane suna gudun naman gida, sai ya sake takarda ya rubuta "naman ƙetare mai tsabta," ciniki ya ci gaba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Aka rufe kwata, yunwa ta koro ni nan. Na baro Barmo yana bin kwararo yana tsintar ledoji yana karantawa, yana tambayar mutane wace ƙasa ce ta kashe masa 'ya. Har yau ba wanda ya iya faɗa masa. Shi ya sa na ce maka, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Nan ungulu ta ƙare labarinta. Tanimu ya dube ta, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Gwaggo, na ji, kuma wallahi na yarda. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne."

Sannan ya zaro hannunsa daga aljihu. Babban yatsansa shuɗi ne da tawada. Tun da hantsi ya dangwala, motar masu kantuna ta tafi da takardar birni, ya zo ne yana fatan a ce masa ya yi daidai.

Ungulu ta ce, "Na sani. Mahauci ba ya ɓoye hannun wuƙarsa sai da dalili."

Ya ce, "To don me kika bar ni na saurara har ƙarshe?"

Ta ce, "Don ka san abin da za ka je ka gaya wa Ardo Kiri. Bakin alƙalami ya bushe, amma shanunsa suna da ƙafa. Ka ce ya kora su nesa tun kafin a zo da leda a nuna masa."

Tanimu ya miƙe ya kama hanyar ruga, yana goga yatsan a jikin rigarsa, tawadar ta ƙi fita. Da ya yi nisa ya waiwayo ya dubi tsamiya. Ungulu ta riga ta tashi, ta yi yamma, neman garin da har yanzu ake rataye kan saniya kusa da namanta.