Manomin da Ya Ƙi Yanke Ganyen Dashensa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutane suna kiransa Baban Kefas, da sunan ɗansa na fari. Yana da gonaki biyu. Ɗaya babba ce a bakin hanyar kasuwa, ita ke ci da gidansa kowace shekara. Ɗayar kuwa 'yar ƙarama ce a bayan gida, inda ake zubar da kashin awaki, inda kuma ruwan wanke-wanke yake gangarawa.

Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, kowa ya fita shuka. Baban Kefas ya shuka dawa a babbar gona, ragowar irin da ya saura a ƙwarya kuma ya watsa shi a bayan gida. Sai ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe, ƙasa ta bushe, shukar babbar gona ta tsiro ta ƙone, sai ɗai-ɗai nan da can. Kafin ruwa ya dawo, lokacin sabuwar shuka ya wuce, iri kuma ya ƙare. In babbar gona ta zauna haka, iyalin gidan nan ba za su ga dawa ba a shekarar sai a ƙwaryar maƙwabta.

Amma dawar bayan gida ba ta ma san an yi fari ba. Ga taki, ga laima, ga inuwar katanga. Ta tashi cunkus, kore shar, ganye fala-fala har gwiwa. Duk wanda ya gifta sai ya tsaya ya ce, "Baban Kefas, wannan dawa taka kamar an shafa mata mai!" Shi kuwa sai ya yi ta gyaran murya yana shafa gemu. Mutum ne mai ƙwazo, babu mai musun wannan, sai dai yana son yabo fiye da yadda ya kamata.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙe sosai, sai ya ce wa matarsa Asabe, "Maman Kefas, yau sai dashe. Mu cire ta bayan gida mu cike babbar gona." Suka tumɓuke, suka ɗaure dami-dami, suka ɗauka a ka.

To, al'adar dashe a ƙasar nan sananniya ce. In ka cire dawa za ka kai ta wata ƙasa, sai ka sa wuƙa ka datse saman ganyen, ka bar guntu, sannan ka dasa ka take gindin da diddige. Dalili kuwa, saiwar da aka tumɓuke ta ji ciwo, ba ta da ƙarfin shayar da dogon ganye sai ta kama ƙasa. Baban Kefas ya san wannan tun yana yaro.

Asabe ta zauna a bakin kunyar gona, ta zaro wuƙa, ta fara datse nata damin. Da ya ga ganyen nan masu sheƙi suna zuba a ƙasa, sai ya ji abin har cikin ransa.

Ya ce, "Haba, Maman Kefas! Wannan ganyen za ki zubar? Raunanan dashe ake yi wa haka. Tawa dawar ba irin ta kowa ba ce."

Ta ce, "Maigida, ƙarfinta na bayan gida ne. Nan ƙasar ba ta san ta ba tukuna."

Ya ce, "Ke dai yi naki. Ni zan ɗauki gefen hanya, mutane su ga abin da ake kira dawa."

Ta ce, "To. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba." Ta ci gaba da aikinta.

Haka suka raba gonar. Shi ya dasa gefen hanya da ganyensa cikakke, ita ta dasa can ciki da guntayenta. Washegari nasa suna tsaye ƙyam suna kaɗawa a iska, nata kuwa kamar kazar da aka fige. Masu zuwa kasuwa suka yi ta jinjina masa, ya koma gida yana jin daɗi, har yana tsokanar matarsa a kan tuwo.

Sai hadari ya watse, rana ta fito da ƙarfinta. Ganyen nan dogaye suka shiga neman ruwan da saiwa ba ta da shi. Suka lanƙwashe, suka naɗe, bakinsu ya soma ƙonewa. Bayan 'yan kwanaki, da Baban Kefas ya zo da safe ya tarar da gefen hanya a kwance, gabansa ya faɗi, domin ya san babu wani dashen da ya rage a bayan gida. Ya sunkuya ya ja guda ɗaya, ta fito a hannunsa babu gardama, saiwar a bushe kamar tsumma. Ya taka zuwa gefen matarsa ya ja ɗaya daga cikin guntayen nan da ya yi wa dariya. Ta ƙi fitowa. Ya tona gindin da yatsa, sai ga sababbin saiwoyi farare sun shiga ƙasa, ga kuma ɗan sabon ganye yana leƙowa daga tsakiya.

Ya daɗe a tsugune. Kunya ta kama shi, tsoron yunwa kuma ya fi kunyar. Asabe tana can tana cire ciyawa. Ya miƙe ya je wurinta.

Ya ce, "Maman Kefas, ara mini wuƙar nan."

Ta kwance ta daga bakin zane ta miƙa masa, ta ce, "Fara da waɗanda tsakiyarsu ke da sauran kore. Ni zan ɗebo ruwa a rafi."

Ranar kuwa ranar kasuwa ce. A gaban mutanen da suka yabe shi, Baban Kefas ya bi kunya-kunya yana datse ganyen da yake taƙama da su, yana take gindi da diddige, matarsa tana bi da tulu. Wani mai wucewa ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Baban Kefas, yau kai ne wanzamin dawa?" Ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ni ne. Gara ta rasa ganye da 'ya'yana su rasa tuwo."

Waɗansu sun riga sun mutu, babu yadda aka yi da su. Amma da yawa suka farfaɗo, suka kama ƙasa, suka yi sabon ganye wanda ya fi na farko faɗi. Da kaka ta yi, mutanen gidan suka zuba dawa a rumbu, suka ci har wata damina.

Ma'anar wannan misali ita ce, ya ku 'yan ajin ƙarshe na sakandare: dashen nan ku ne. Gonar bayan gida ita ce gidan iyayenku, da makarantarku, da wannan ikilisiya, inda aka san sunanku, ake tashinku da safe, ake tambayarku in ba a gan ku a sujada ba. Babbar gona kuwa ita ce jami'a ko kwalejin da za ku. Kada ku ji tsoron tafiyar. Dawar da aka bari cunkus a bayan gida ba ta yin zangarniyar kirki, kuma Ubangiji bai raine ku don ku tsufa a inuwar katanga ba.

Ganyen shi ne abin da mutane ke gani su yaba. Wani a cikinku shi ne na ɗaya a aji tun shigarsa makaranta. Wata ita ce shugabar ɗalibai, wata kuma in ta ɗaga murya a ƙungiyar mawaƙa, sai coci ya yi tsit. Mun gode wa Allah domin waɗannan. Amma za ku shiga ɗakin lacca cike maƙil, kowa a ciki shi ma na ɗaya ne a garinsu, malamin kuma bai san sunan kowa ba. Wanda ya isa can yana cewa "ni ba irin kowa ba ne" zai ji kunyar tambaya in bai gane darasi ba. Zai shiga kowace ƙungiya a zangon farko don a san da shi, ya raina jadawalin karatu, ya ce ai a sakandare ma bai sha wahala ba. Ya yi ta kaɗawa a bakin hanya, alhali bai kama ƙasa ba.

Saiwa kuwa ita ce abin da babu mai tafa muku a kansa. Tashi yin addu'a da karanta Maganar Allah ranar da babu uwar da za ta buga maka ƙofa. Neman taron masu bi tun makon farko, ka zauna a benci na baya kana sabon zuwa, ko da a gida kai ke jagora. Zama da littafi bayan lacca, da ce wa ɗan ajinku, "Ban gane ba, nuna mini." Zaɓen aboki ɗaya ko biyu waɗanda za su gaya maka gaskiya. A watannin farko mai yin haka ba ya burge kowa. Ku bar shi, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

In kuwa wani ya riga ya yi kuskuren Baban Kefas, sakamakon jarrabawar farko ya fito ya ga kansa a kwance, kada ya ɓoye, kada ya daina kiran gida. Muddin tsakiya tana da sauran kore, akwai gyara. Ya rage yawo, ya rage girman kai, ya nemi taimako ko da a gaban waɗanda suka yabe shi.

Ku iri ne mai kyau, mun ga tashinku da idonmu, kuma Mai gonar zai aiko da ruwa a kan kari. Amma wuƙar, ku za ku riƙe ta da hannunku. Ku yanke tun ranar dashe, kada ku jira rana ta yanke muku.