Mutumin da Ya Ɗaure Noti Mota Tana Sama

Akwai wani mutum mai son yin aikin gidansa da hannunsa. In famfo ya lalace shi ne mai gyara, in ƙofa ta sauka shi ne kafinta. Yana da mota irin wadda ake kira haibirid, wato mai tafiya da fetur da lantarki. A ƙarƙashin kujerar baya akwai wani babban batir mai nauyi, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga kujerar. Motar ba ta shan mai sosai, in kuwa tana tafiya a hankali injin yakan yi shiru, har kajin unguwa ba sa jin zuwanta.

Aibinta ɗaya ne. Cikinta yana kusa da ƙasa, ƙafafunta kuma sun gaji. A kan kwalta ba laifi, amma in ta hau hanyar ƙauye sai ta riƙa bugun ƙasa da ciki, in an sha kwana kuma ta yi tangaɗi kamar kwalekwale.

Mutumin nan yana da mahaifiya a ƙauye, tsohuwa, yanar ido ta rufe mata gani, ga kuma ciwon baya. Ran da ya taɓa ɗauko ta a motar, ta sauka tana riƙe da ƙugu, ta ce, "Auta, wannan ba mota ba ce, turmi ne. Ni kuwa ba gero ba ce."

Likitocin ido sukan zo asibitin mishan na garinsu sau ɗaya a shekara, bayan kaka. Sukan yi wuni guda suna cire yana, sa'an nan su wuce wani gari. Mutumin ya je ya sa sunan mahaifiyarsa, ya aika mata cewa bana za ta ga fuskar jikokinta. Ya kuma ƙudura a ransa zai gyara ƙafafun motar da kansa kafin ranar, don ta tashi daga ƙasa kaɗan, ta daina tangaɗi, tsohuwa ta zauna ba wahala.

Ya kalli yadda ake yi a waya, ya sayo kayan. Akwai sifirin masu ƙarfi, da sababbin shokazoba, da ƙarafan nan da ke riƙe taya da jikin mota. Kowane ƙarfe yana da roba mai kauri a bakinsa, wadda makanikai ke kira bushin. Kusa takan ratsa ta tsakiyar robar a ɗaure ta da noti. In taya ta hau ko ta sauka, robar ce ke ɗan murɗawa ta komo, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe.

Wata Asabar da damina ta ja baya, ya ɗaga motar da jak a tsakar gida, ya tokare ta da kututture ta kowace kusurwa. Ba mutum ne mai ganganci ba. Ya kashe motar, ya ajiye makulli a ɗaki, bai kuwa taɓa wayoyin nan masu launin lemo da ke ɗauke da wutar batir ba. Ya cire tsofaffin kaya, ya jera su a tabarma yadda ya same su, ya sa sababbi.

Tayoyin suna reto a sama, ba nauyi a kansu. Ƙarƙashin motar ya buɗe, haske yana shiga, hannu yana kaiwa ko'ina. Sai ya ga babu lokacin da ya fi wannan daɗin ɗaure noti. Ya ɗaure su duka da sifana, ya ga bai ishe shi ba, ya zura wa sifanar guntun bututun ƙarfe don ta ƙara tsawo, ya taka da ƙafa.

Matarsa ta fito shanya, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Baban Tabita, tsakaninka da motar nan wa zai karya wani?"

Ya ce, "Ke dai ki yi shanyarki. Abin da na ɗaure yau, ko jikana ba zai kwance shi ba."

Ta ce, "To, Allah ya ba jikan haƙuri."

Ya sauke motar. Nauyin ƙarfe da na batir ya zauna a kan tayoyin, ƙarafan suka tashi zuwa inda za su zauna kullum. Amma robobin an riga an matse su a inda suke sa'ad da taya take reto, ba su da halin juyawa su bi. Sai suka murɗe, suka zauna a murɗe, mota tana tsaye ko tana tafiya. Daga waje ba abin da ya nuna. Motar ta yi tsayi, ta yi kyau, ya zaga unguwa ya sha kwana bai ji tangaɗi ba, ya yi murna.

Ana nan, sai wata ƙara ta soma fitowa daga ƙasa, siririya, kamar ta tsohon gadon ƙarfe. A wata motar da ƙugin inji ya rufe ta. A wannan kuwa, duk sa'ad da injin ya yi shiru a cikin layi, ƙarar takan fito sarai. Wata Lahadi suna hanyar sujada matar ta ce, "Ka ji kuwa? Motarka tana kuka."

Ya ce, "Sabon takalmi ma yakan yi ƙara kafin ya saba da ƙafa." Ya kunna waƙa.

Robobin gaba suka soma tsagewa kaɗan kaɗan. Da suka saki, taya ta karkace, ta riƙa cin kanta ta gefen ciki, inda mai tsaye a waje ba ya gani. Shi kuwa kowace safiya yakan duba tayoyin ta waje, ya ga zanensu yana nan, ya shiga ya tafi.

Ranar likitoci ta zo. Ya yi sammako ya tafi ƙauye, ya tarar mahaifiyarsa ta riga ta yi wanka ta ɗaura zanen da take zuwa sujada da shi. Ya zaunar da ita a baya, ya sa mata matashi. Suka kama hanya. Da suka yi ɗan nisa ta ce, "Auta, turmin ya yi laushi." Ya yi dariya, amma hannunsa yana jin sitiyari yana ja gefe guda, kowane rami kuma sai wani abu ya buga a ƙasa.

A tsakiyar daji, inda hanyar ta gangara wani busasshen rafi, tayar gaba ta fashe. Ya fito ya duba, ya ga gefen ciki ya cinye har waya ta fito. Motarsa kuwa ba ta da tayar safaya, gama irinta ba ta zo da ita ba. Ranar ba ta kasuwa ba ce, ba motar da ke bin hanyar, tsohuwa kuma ba ta iya hawan babur. Ya shimfiɗa mata zane a gindin wata ɗorawa, ya cire tayar, ya tare mai babur ya tafi neman wata. Garin farko babu irinta. Sai a na biyu ya samu.

Sa'ad da suka isa asibiti rana ta yi sanyi. Mai gadi yana tattara benci. Ya ce likitoci sun ɗaure kayansu sun tafi, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Mutumin ya koma mota ya zauna. Mahaifiyarsa ta lallaba ta sami kafaɗarsa, ta ce, "Kai ni gidanka in taɓa fuskar yaran. Hannu ma yana gani." Ya kai ta. Ta ƙara shekara guda a cikin duhu.

Bayan kwanaki ya shiga ƙarƙashin motar, tana tsaye a kan tayoyinta. Ya ga robobin gaba sun yage, dukansu ta fuska ɗaya, kamar tsumman da aka matse. Na baya ba su riga sun yage ba. Ya sa sifana ya sassauta noti ɗaya daga cikin na bayan, sai robar ta juya da kanta ta yi ƙas, motar ta ɗan sauka kamar mai ajiyar zuciya. Ya daɗe a kwance yana kallon wurin. A nan ya gane.

Ya sayo waɗansu robobi, ya sāke ɗaga motar ya sa su, amma ya bar notin sako-sako. Ya sauke ta ƙasa, ya ɗora buhun masara a kujerar baya, ya danna ta ya saki har ta zauna daidai. Sa'an nan ya kutsa ƙarƙashi da rub da ciki. Wurin ya matse, ba haske, sifana ba ta juyawa sai kaɗan kaɗan, ƙarfe ya kuje masa yatsu. A haka ya ɗaure su.

To, ga ma'anar misalin nan. Motar ita ce rayuwar kowannenmu. Jak kuwa shi ne lokutan da Ubangiji yakan ɗauke mana nauyi: ranar Lahadi, ko taron farkawa, ko kwanakin da muka keɓe don addu'a. Waɗannan lokuta alheri ne, kada kowa ya rena su. Ba a canja ƙafar mota sai an ɗaga ta, haka kuma akwai abubuwan da ba sa fita daga zuciya sai an ɗaga mutum daga hidimarsa ta kullum.

Kuskuren mutumin nan ba lalaci ba ne, ba kuma rashin ƙauna ba. Ya ƙaunaci mahaifiyarsa, ya yi aiki da dukan ƙarfinsa. Abin da ya ɓata shi ne, ya ɗaure a sama abin da zai yi aiki a ƙasa. Haka muke yi. A cikin majami'a, ana waƙa, ba mai taka mu, ba yaro mai kuka, mukan ce, "Daga yau na gafarta wa ɗan'uwana, daga yau ba zan ƙara ɗaga wa matata murya ba." Mukan ɗaure maganar tamau, mu tafi gida muna ganin an gama. Ran Litinin nauyi ya sauka, har da wanda ba a gani, irin na batirin nan: gajiya, da tsohon ɓacin rai, da tsoron da ba mu taɓa faɗa wa kowa ba. Alkawarin da bai san da wannan nauyi ba sai ya murɗe. Ba ya tsinkewa a ranar, yakan yi ta ƙara a hankali, wani na kusa ya ji ya gaya mana, mu kuwa mu kunna waƙa. Ran da ya tsinke, sau da yawa ba mu ne muke biya ba, wanda ya dogara gare mu ne.

Saboda haka, abin da Allah ya sa a zuciyarka yau, karɓe shi da godiya, ka fita da shi, amma ka sani aikin bai ƙare ba. Gafarar da ka furta a kan benci, je ka sāke furta ta a ƙofar ɗan'uwan nan naka, yana tsaye a gabanka, bai ma ba ka haƙuri ba. Wurin zai matse, ba za ka ji daɗin da ka ji a nan ba, wataƙila ka fito da rauni. Ka roƙi Ubangiji ƙarfi a daidai wurin, ka ɗaure.