Sabo da Jar Fitilar Gada

Akwai wani matashi a unguwar Koki mai suna Sabo. Ba ya rasa wayo, amma ba a gama yi masa magana bai ce "na sani" ba.

Yayansa Haruna ya daɗe a ƙasar waje yana tuƙa ƙaramin jirgin ruwa na dakon kaya. Da ya zo ganin gida, mahaifiyarsu Hajiya 'Yardada ta matsa masa ya tafi da ƙaninsa ya koya masa sana'a.

Tun a zaure Haruna ya fara yi masa bayani.

"A kogin da nake aiki akwai gadar da ake ɗagawa jirgi ya wuce. Da dare fitila ce bakinta. Jajayen fitilun da ke ƙasa ginshiƙan gadar suke nuna maka. Ta saman kuwa, muddin tana ja, ka tsaya ko da ka ga gadar tana motsi. Sai ta gama buɗewa take komawa kore."

"Haba Yaya, danja ce fa. Na sani."

"Maimaita min."

Sabo ya ci gaba da latsa waya.

Bayan sun fara aiki, wata rana suka iso gadar bayan isha. Haruna ya tsayar da jirgi, ya sauka ƙasan jirgin duba inji, ya ce, "Kada ka taɓa komai."

Gada ta fara ɗagawa. Fitila tana ja. Sabo ya auna da ido, ya ga ai hanya ta samu, ya tura jirgi.

Ƙarar da aka ji har tsallaken kogi. Jirgin ya daki gadar, rufin ɗakin tuƙi ya kwashe, Haruna ya faɗa kan inji ya karya hannu. Mai jirgi ya sallame su duka biyun.

Da suka dawo Koki, Hajiya ta dubi hannun Haruna a ɗaure, ta juya ga Sabo.

"Kai kuma me ya kai ka?"

"Wallahi Hajiya, gadar ce ba ta da sauri."

Haruna ya miƙe. Ya ɗauki takalmansa da hannu ɗaya ya fice.

Darasi: Wanda ya hana kunnensa ji, ba shi kaɗai ke shan wahalar ba, har da wanda ya riƙo hannunsa. Ku tura wa duk mai "na sani" da ke gidanku.