Kura Ta Rusuna a Majalisa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha.

Zaki ya aika sunan Kura majalisar dabbobi, a naɗa ta ministar ilimi. Akuya, 'yar majalisa mai 'ya'ya uku a firamare, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, a tambaye ta ina ɗalibanta na bara."

Shugaban majalisa, Biri, ya buga guduma. "Zauna, Hajiya. Tsohuwar 'yar majalisa ba a yi mata tambaya, rusunawa take yi ta wuce."

Kura ta rusuna gaban kujerar Zakara. Da ta ɗago babu Zakara, sai gashinsa a bakinta.

Biri ya ce, "Da sauran magana?"

Akuya ta ce, "Gaskiya ta iya gaisuwa."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai ɗa a firamare ya je ya ɗauko abinsa.